Lasifika Mai Nauyin Baki: Wace Amfilifaya Ce Za Ta Iya Da Ita?

A ƙarshen kowane wata, da zarar albashi ya shiga hannu, ba a rasa ma'aikaci ko ɗalibin da zai nufi kantunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, ko kuwa ya aika saƙo kasuwar Alaba ta Legas, da niyyar sayen kayan sautin da ya daɗe yana yi wa tanadi. Galibi lasifika ce ke fara ɗauke masa hankali, domin ita ake gani a falo, ita kuma baƙo zai yaba. Amfilifaya kuwa, watau injin da ke karɓar ɗan siririn sauti daga rediyo ko kaset ko faifai ko wayar hannu ya ƙara masa ƙarfi, sai a bar ta a ƙarshen lissafi, a saye ta da abin da ya rage a aljihu.

An kai kaya gida, an haɗa wayoyi, an kunna. Sauti ya fito da kyau, amma can ƙasa-ƙasa kamar muryar amarya a gaban surukai. Maigida ya murɗa maɓallin ƙara zuwa rabi, bai gamsu ba, ya sake murɗawa. Yanzu kam ƙara ta samu, sai dai muryar mawaƙi ta yi kaushi, kalangu ya bar amo ya koma kamar ana dukan kwali. Bayan 'yan makonni, ranar wata walimar suna, sai ƙaramar lasifikar nan ta sama mai fitar da siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tuwita, ta yi shiru ba ta ƙara magana ba. Maigida zai ce mai kanti ya cuce shi, ya sayar masa da jabu. Alhali kuwa sau da yawa lasifikar ba ta da laifin komai. Garmar da sai bijimi ce aka ɗaura wa ɗan maraƙi.

Matsalar ta fi yawa yanzu fiye da dā. A shekarun da suka biyo bayan ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a 1975, sa'ad da ma'aikata suka cika gidajensu da kayan Pioneer da Sansui da Kenwood da Akai, lasifikokin da ake yayi manyan akwatuna ne masu faɗin baki, waɗanda 'yar wuta kaɗan ke isa su tashi unguwa. Na yau kuwa an ƙanƙanta su domin su zauna a kan kanta ko a gefen talabijin, kuma nauyin wannan ƙanƙanta a wuyan amfilifaya yake sauka.

MA'AUNIN DA BA A DUBAWA

Kowace lasifika ta kirki tana zuwa da takarda, ko ɗan rubutu a bayanta, inda aka nuna wata lamba tare da haruffan dB. Wannan lamba ita ce ma'aunin saurin amsawarta, abin da Turawa ke kira sensitibiti. Yadda ake samun ta shi ne, a ba lasifika wutar da ta kai wat 1, a ajiye makirufo a gabanta tazarar mita 1, sa'an nan a auna ƙarar da ta fito da ma'aunin desibel. Wadda ta ba da desibel 90 ko fiye ana lissafa ta cikin masu sauƙin tashi. Wadda ta tsaya tsakanin 87 da 89 matsakaiciya ce. Wadda ta faɗo 86 zuwa ƙasa, har 83 ko 82, ita ce mai nauyin baki, wadda sai an matsa mata kafin ta buɗe murya.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne tsakanin 85 da 91, ai 6 ne kacal. A nan ne desibel ke yaudarar wanda bai san halinsa ba, domin ba a ƙirga shi yadda ake ƙirga mudun gero. Duk ƙarin desibel 3 yana bukatar a ninka wuta sau biyu. Ƙarin 6 yana bukatar ninki huɗu, ƙarin 10 kuwa ninki goma. Watau abin da lasifika mai desibel 91 za ta yi da wat 25, mai desibel 85 ba za ta yi shi ba sai da wat 100. Wani abin mamakin kuma shi ne, kunnen ɗan Adam ba ya jin cewa ƙara ta ninka sai an samu ƙarin desibel 10 ko kusa da haka. Saboda haka mutumin da ya sayar da injinsa mai wat 50 ya cika kuɗi ya sayo mai wat 60 ya yi asarar kuɗinsa ne kawai, domin bambancin bai kai desibel 1 ba. Ko mai wat 100 ya sayo, ƙarin desibel 3 zai samu, abin da kunne zai lura da shi amma ba zai sa a miƙe tsaye ba.

Akwai kuma wata 'yar dabara da ya kamata mai saye ya sani. Kamfanoni da yawa ba sa rubuta wat 1, sai su rubuta bolt 2.83. Idan lasifikar mai om 8 ce, duk ɗaya ne, domin bolt 2.83 a kan om 8 wat 1 yake bayarwa cif. Amma idan mai om 4 ce, wannan bolt ɗin wat 2 yake bayarwa, watau an ciyar da ita ninki biyu kafin a auna ta. Ashe ke nan lasifika mai om 4 da aka rubuta wa desibel 88 ta wannan hanya, a gaskiya mai 85 ce idan aka koma lissafin wat 1.

Ita dai lasifika, kowace iri ce, mai ɓarna ce ta gaske. A cikin wutar da ake ba irin ta gida, abin da ke zama sauti yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran duk zafi yake zama a cikin 'yar siririyar wayar da aka naɗe a bayan takardar lasifikar, wadda masu gyara ke kira koyil.

ME YA SA AKE ƘERA SU HAKA?

Nauyin baki ba aibi ba ne, zaɓi ne da masu ƙira suka yi idonsu a buɗe. A 1946 wani injiniya Ba'amurke mai suna Paul Klipsch ya soma ƙera wata ƙatuwar lasifika a garin Hope na Jihar Arkansas, wadda ya sa wa suna Klipschorn. Cikinta naɗaɗɗen ƙaho ne, irin hikimar da ke sa kakaki ya kai nesa da numfashin mutum ɗaya, kuma ma'auninta ya kai desibel 104 zuwa 105. Wat 1 ya ishe ta ta cika babban ɗaki. Sai dai tsawonta ya kai ƙirjin mutum, kuma tilas a jingina ta a kusurwar ɗaki kafin ta yi aikinta.

Shekara 8 bayan haka, a 1954, wani Ba'amurken, Edgar Villchur, ya fito da wata hanya dabam a kamfanin Acoustic Research. Ya rufe akwatin lasifika ruf, ya bar iskar da ke ciki ta zama ita ce ke riƙe takardar tana mayar da ita mazauninta. Da wannan dabara sai ga ƙaramin akwati yana fitar da kakkauran sauti mai zurfi wanda a dā sai manya. Amma ƙishirwar wutarsa ta ninka sau da yawa. Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a 1957, shi ake jingina wa ƙa'idar da ta bayyana dalili. Abubuwa uku ne mai ƙira ke nema: ƙaramin akwati, da zurfin kakkauran sauti, da saurin amsawa. Biyu kawai zai samu, tilas ya haƙura da na uku. Masu ƙira na zamani sun ga wuta ta yi araha tun da tiransisto ya maye gurbin bawul, ɗakuna kuma sun matse, sai suka haƙura da saurin amsawa.

Misalin da ya fi shahara daga Ingila ya fito. A tsakiyar shekarun 1970 sashen bincike na BBC ya ƙera wata 'yar lasifika mai suna LS3/5a, domin injiniyoyi su riƙa sauraron shiri da ita a cikin motocin watsa labarai inda babu fili. Girmanta bai wuce kwalin takalmi ba, ma'auninta kuwa desibel 82 zuwa 83, amma yadda take fitar da muryar mutum ya sa har yau ana ƙera ta, ana kuma sayen tsofaffinta da tsada. Kamfanin KEF, wanda shi ya ƙera kayan cikinta na asali, ya fitar da LS50 a 2012, ita ma ƙarama, mai desibel 85. Irin waɗannan da 'yan uwansu su ne ke shigowa kasuwanninmu sababbi da na hannu, su ne kuma ke jawo ce-ce-ku-ce tsakanin mai saye da mai kanti.

LISSAFIN FALO

Wat nawa ake bukata? Babu amsa guda, amma akwai lissafin da ɗalibin sakandare zai iya yi a bayan littafinsa. A ɗauki lasifika mai desibel 85 a falon gidan ma'aikaci, kujerar maigida tana nesa da ita mita 3. A fili, duk sa'ad da tazara ta ninka, ƙara tana raguwa da desibel 6, saboda haka a mita 3 an yi asarar kusan 10. Amma lasifikokin biyu ne, wannan ya maido da kamar 3, bango da rufi kuma suna maido da amo, su ma su ƙara 2 ko 3. Idan aka tattara, wat 1 a kowane gefe zai kai kunnen maigida da desibel 80 ko kusa da haka.

Desibel 80 ƙara ce mai yawa, wadda sai an ɗaga murya kafin a yi hira a cikinta. Ashe ke nan wat 1 ya wadatar? Da kiɗa ruwa ne mai gudu bai-ɗaya, da ya wadatar. Amma kiɗa yana da tudu da gangare. Duk wanda ya saurari Ɗanmaraya Jos ya san kuntigi da murya ba su cika wahalar da inji ba. A sa faifan Mamman Shata kuwa, sa'ad da makaɗa suka saki kalangai gaba ɗaya 'yan amshi suka ɗauka, ko kotsannin Musa Ɗanƙwairo, sai a samu kowane bugu ya yi tsalle sama da matsakaicin sautin, na ɗan ƙiftawar ido. A kiɗan da aka ɗauka da kyau, tsallen nan yakan kai desibel 15, wani lokacin ma 20. Domin wannan tsalle ake sayen wat, ba domin matsakaicin sauti ba.

To, idan matsakaici 80 ne, tsalle ya kai 95, ana bukatar ƙarin desibel 15 a kan wat 1, watau kimanin wat 32. Idan ana son ya kai 100 ba tare da inji ya shaƙe ba, ana bukatar wat 100. Idan aka ce sai 103, lissafi ya kai wat 200. Wannan ya nuna cewa ga matsakaicin falo da lasifika mai desibel 84 zuwa 86, injin da ke ba da wat 60 zuwa 100 na gaskiya a kowane gefe shi ne daidai, wanda ya fi haka kuma sai mai babban zaure. Ɗalibin da ke ɗakin kwanan makaranta, wanda lasifikarsa ke kan teburin karatu tazarar mita 1 daga kunnensa, bai yi asarar komai a hanya ba, don haka wat 20 zuwa 30 sun ishe shi har da saura. Kada ya bari a ruɗe shi da manyan lambobi ya taɓa kuɗin makaranta.

Kafin a yi ɗokin ƙara, yana da kyau a tuna cewa hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 ga aikin awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi, har a desibel 100 ya koma minti 15. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Wayoyin hannu na yanzu suna da manhajar auna desibel, wadda ko da ba ta cika daidai ba, ta isa ta nuna wa mutum a ina yake sauraro kafin ya tafi kasuwa.

BATUN OM, INDA AKA FI FAƊUWA

Wat rabin labari ne. Ɗaya rabin yana cikin lambar nan ta biyu da ke bayan lasifika, watau om, wadda ke nuna yadda take tare wuta. A kwatanta da tankin ruwa a saman gida. Tsawon da aka ɗaga tanki shi ne bolt, faɗin bututu shi ne om, yawan ruwan da ke kwarara kuma shi ne amfiya. Lasifika mai om 8 siririn bututu ce, mai om 4 kuwa faɗinta ya ninka, tana jan ruwa ninki biyu. Injin da zai ba da wat 50 a kan om 8 yana tura bolt 20 da amfiya 2.5. A haɗa masa mai om 4 a daidai wannan bolt, sai ta nemi amfiya 5. Idan tankinsa, watau taransifoma da manyan kafasitocin da ke cikinsa, ba su da wannan ruwan, sai bolt ɗin ya faɗi, sauti ya saki jiki, inji ya ɗau zafi, ko ya kashe kansa ko ya ƙone.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, lambar om da ake rubutawa suna ne kawai. A aikace tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sautin da ake bugawa. Ƙa'idar duniya ta ce bai kamata ta faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta ba, amma ba kowa ke bi ba. LS50 ɗin nan da aka ambata, om 8 aka rubuta mata, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa takan sauka har 3.2. Injin da aka rubuta wa “om 8 zuwa 16” kawai a bayansa ba abokin tafiyarta ba ne.

Hanyar gane inji mai ƙashi a jika tana cikin takardarsa. A duba wat ɗin da yake bayarwa a om 8, sa'an nan a duba na om 4. Wanda ya ba da 50 a na farko, ya ba da 80 ko 90 ko 100 a na biyu, yana da wadataccen tanki. Wanda ya ba da 50 sa'an nan 55, ko kuwa ya yi gum bai ambaci om 4 ba sam, a yi hattara da shi. Masana sukan ba da misali da NAD 3020 da ta fito a 1978. Wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna a duniya saboda tana tuƙa lasifikoki masu wuyar sha'ani waɗanda injuna masu manyan lambobi ke durƙushewa a gabansu. A ɗaya gefen kuma, LS3/5a ta asali om 15 gare ta, ba ta jan amfiya da yawa, kuma abin da aka ƙayyade mata bai wuce wat 25 zuwa 30 ba. Nauyin bakinta ba izni ba ne na a ɗura mata wat 200 har ƙarshe. An yi ta ne domin a zauna kusa da ita.

Masu haɗa lasifika huɗu a inji ɗaya, biyu a falo biyu a tsakar gida, su sani cewa a yawancin injuna wannan yana raba om gida biyu. Masu om 8 biyu sun zama 4, masu 4 biyu sun zama 2, kuma injin gida da zai jure om 2 ba shi da yawa.

WAT NA KWALI DA WAT NA GASKIYA

Ƙaryar wat tsohuwa ce. Ta yi yawa a Amurka har a 1974 hukumar ciniki ta Gwamnatin Tarayyar ƙasar ta kafa doka cewa duk mai tallar amfilifaya tilas ya faɗi ƙarfin da za ta iya bayarwa a kai a kai ba yankewa, a kowane gefe, a kan om nawa, da kuma yawan gurɓatar sautin. Wannan shi ne wat ɗin da ake rubuta wa RMS a gefe, shi ne kuma kaɗai ya cancanci a yi lissafi da shi. Wanda ake bugawa da manyan jajayen haruffa a jikin kwali, wat 2,000 ko 5,000 tare da PMPO, ba shi da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita. Mai shakka ya juya bayan injin ya karanta wat nawa yake ja daga soket. Lambar ba ta cika zama daidai ba, amma injin da ke shan wat 60 daga bango ba zai yi aman wat 2,000 ba.

Injunan da ake yi domin silimar gida, masu gefe biyar ko bakwai, su ma a karanta takardarsu da natsuwa. Sau da yawa gefe ɗaya ko biyu ake aunawa, alhali dukansu daga taransifoma ɗaya suke sha.

Yanzu a koma ga tuwitar maigida da ta mutu ranar suna. Sa'ad da aka nemi inji ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya sare kawunan igiyar sautin, ya miƙa ta a guntule. Wannan sarewa tana haifar da ƙarin siraran sautuka masu kaifi waɗanda babu su a faifan, sa'an nan tun da kakkauran sauti ya tsaya ba ya ƙaruwa, maigida yana ta murɗawa, siraran ne kaɗai ke ci gaba da hawa. Duk wannan a kan tuwita yake sauka, ita kuwa koyil ɗinta siriri ne kamar gashi, 'yan wat kaɗan yake ɗauka. Shi ya sa masu gyara ke ganin ƙananan injuna sun ƙone tuwita fiye da yadda ake zato. Babban inji shi ma yana kisa, amma nasa ya fi zuwa da gargaɗi, domin za a ji wufa tana buga gindi. Alamar haɗari dai ɗaya ce: da zarar sauti ya yi kaushi ko ya cushe, a rage.

Abu biyu ke gaggauta wannan ɓarna. Na farko maɓallin bas. Ƙarin desibel 6 a wurin yana nufin inji zai ba da ninki huɗu a daidai inda ya fi shan wahala. Na biyu zaton cewa rabin maɓalli rabin ƙarfi ne. Da na'urar CD ko wata mai ƙarfin fitarwa irin nata, injuna da yawa sun riga sun kai iyakarsu tun maɓallin yana tsakiya.

ZAFI, ƘURA DA WUTAR GARI

Injuna iri-iri ne ta fuskar yadda suke sarrafa wuta. Na ajin A suna da masoya, amma kashi uku cikin huɗu na abin da suka sha ko fiye zafi yake zama, ko ana kiɗa ko ba a yi. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ajiye irinsu a ɗaki kamar hura gawayi ne. Na bawul masu wat 8 ko 10, waɗanda attajirai ke so saboda daɗin muryarsu, abokan Klipschorn ne, ba su da abin da za su yi wa lasifika mai desibel 84. Mafi yawan injunan gida 'yan ajin AB ne, kuma a cikinsu nauyi shaida ne, domin taransifoma mai kyau ba ta da sauƙin ɗauka. Sai kuma na ajin D, waɗanda a dā ake raina su amma yanzu na kirkinsu sun kama kowa. Suna mai da kusan kashi 90 cikin 100 na wuta zuwa aiki, ba sa zafi sosai, ba su da nauyi, don haka ba a auna su da hannu. Ga gidan da ke dogara da sola da batir, su ne suka fi dacewa. Sai dai ƙananan nan masu araha, ƙarfinsu ya rataya ne a kan akwatin wutar da aka haɗo su da shi. Idan aka ba su ƙarami, wat ɗin da aka rubuta ba zai fito ba.

Kowane iri aka saya, a ba shi fili ya sha iska, kada a ɗora masa dikoda ko littattafai a ka. Bayan hunturu a sa a hure ƙurar da ta taru a cikinsa. Sitabilaiza mai isasshen ƙarfi ba almubazzaranci ba ce a inda wuta ke hawa tana sauka, kuma idan an ɗauke wuta a kashe inji, kada a bar shi ya tari dawowarta. Inbata maras tsabtar igiya takan sa taransifoma ta yi ta gurnani tana zafi.

Masu sayen na hannu suna iya dacewa da inji mai nagarta a kuɗi kaɗan, amma kada a yi cinikin biri a sama. Wutar Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120, ta Japan kuwa 100. Injin da aka yi wa waɗancan ƙasashe, in ba shi da makunnin sauya bolt a baya, soka shi a soket ɗaya ya isa ya gama da shi. Tilas a nemi taransifomar rage wuta wadda ta fi ƙarfin abin da yake ja. Wanda ya shekara 30 ko 40 kuma, kafasitocinsa na iya bushewa. A tafi da mai gyara ya ɗora mita a bakin da ake haɗa lasifika, ba tare da kiɗa ba. 'Yan milibolt ba komai, amma idan tsayayyar wuta ta kai bolt guda, wannan injin ba lafiyayye ba ne, yana iya yi wa lasifika illa ko da maɓalli yana ƙasa.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a wannan ciniki ji ne ke kan gaba. Wanda ya riga ya mallaki lasifika ya ɗauke ta ya tafi da ita kanti, tare da waƙar da ya sani ciki da bai, mai ganga da murya. A kunna a ƙarar da ya saba har minti 20 ko 30, a ɗan haura, a saurari ko ganga tana nan da amonta, ko murya ta soma ƙara. Sa'an nan ya ɗora tafin hannu a kan injin. Ɗumi ba laifi, amma wanda hannu ya kasa zama a kansa a cikin kanti, a falo mai labule sai abin da ya ƙaru. Wayar haɗi kuwa ba ta bukatar tsada. Jan ƙarfe na gaske mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2.5 ya isa ga tazarar ɗaki, muddin an murɗe bakinta da kyau kada silin guda ya taɓa ɗan uwansa.

Akwai kuma aikin da babu injin da zai sa ƙaramar lasifika ta yi shi. Takardarta ba ta wuce tafin hannu ba, iskar da za ta iya turawa tana da iyaka, kuma idan koyil ya ɗau zafi, ƙarin wuta ba ya ƙara sauti yadda lissafi ya nuna. Mai son bas ya girgiza kujera gara ya ƙara wufa mai injinta a ciki, ta sauke wa ƙananan wannan kaya. Ranar suna ko ɗaurin aure kuwa, sa'ad da aka kafa rumfa a ƙofar gida, a ɗauko hayar manyan lasifikoki masu bakin ƙaho daga masu wannan sana'a, na falo a zare musu waya a lulluɓe su da zane.